Idan Ma'aikaciya Ta Kai Kukan Ubangidanta: Zargi, Alhaki da Rufin Asiri

Gabatarwa

Wannan 'yar maƙala za ta dubi wani al'amari ne da mutanenmu suka fi so a yi shi cikin raɗa, wato abin da ke biyo baya idan ma'aikaciya ta ce shugabanta a wurin aiki ya ci zarafinta ta hanyar neman lalata da ita, ko ma ya yi mata fyaɗe, musamman idan shugaban nan mai riƙe da muƙamin siyasa ne. Mai karatu zai iya cewa mene ne haɗin ɗalibin harshe da wannan magana, ai ta lauyoyi ce da 'yan sanda. Amsata ita ce, kafin ƙara ta isa gaban alƙali sai ta bi ta bakin mutane, kuma da yawa daga cikinmu gidajen rediyo za mu nufa idan mun gama karatu, wasu fassara za su yi a kotu ko a ma'aikatu, wasu kuma aji za su koma su koyar. Kalmar da muka zaɓa a ranar da irin wannan labari ya iso hannunmu tana iya buɗe wa mai ƙara ƙofa, tana kuma iya rufe ta ruf.

Abin da nake so in nuna shi ne, tambayoyi biyu ne ke tasowa a duk lokacin da aka yi irin wannan zargi. Ta farko: shin gaskiya ne? Ta biyu: me za a yi wa wadda ta kawo kukan daga yau zuwa ranar da za a san gaskiyar? Mun saba cuɗe su wuri guda, sai mu bar ta biyun tana jiran ta farko, alhali ta farkon kan ɗauki shekaru.

Abin da ya faru a Majalisar Dattawa

Bari in fara da misalin da kusan kowa ya ji a rediyo. A ranar 20 ga Fabrairu, 2025, an yi cacar baki a zauren Majalisar Dattawa a Abuja tsakanin Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan mai wakiltar Kogi ta Tsakiya da Shugaban Majalisar, Sanata Godswill Akpabio, a kan sauya mata kujera. Ranar 28 ga watan ta fito a gidan talabijin na Arise ta ce ainihin matsalar ita ce shugaban ya neme ta ta ƙi. Shi kuwa ya musanta wannan magana baki ɗaya. Ranar 5 ga Maris ta miƙa takardar koke a zaure, kwamitin ɗa'a na majalisar ya yi watsi da ita bisa hujjar cewa ƙa'idar majalisa ba ta yarda sanata ya sa hannu a kan koken da shi kansa zai gabatar ba. Washegari, 6 ga Maris, majalisa ta dakatar da ita na wata 6. Majalisar ta ce saboda rashin ɗa'a ne a rikicin kujera, ba saboda zargin da ta yi ba. An rufe ofishinta, an tsayar da albashinta, an janye masu tsaron lafiyarta. Wanda ya jagoranci zaman da aka yanke wannan hukunci shi ne wanda take zargi.

Ba aikina ba ne in ce wane ne mai gaskiya tsakaninsu, kuma ina jan kunnen 'yan uwana ɗalibai da kada mu ɗora wa kanmu wannan rawani. Abin lura shi ne tsarin. Matar nan sanata ce, ɗaya daga cikin mata 4 kacal a cikin sanatoci 109 na wannan majalisa, tana da lauyoyi da kuɗi da 'yan jarida, har ta kai maganarta wani taron 'yan majalisun duniya a birnin New York a cikin watan na Maris. Duk da haka ba a samu wani mai zaman kansa a cikin majalisar da ya zauna ya saurari gundarin maganar ba. Hasali ma wasu daga mazaɓarta sun nemi a yi mata kiranye, sai dai hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana a watan Afrilu cewa sa hannun da aka tara bai kai rabin masu rajista ba kamar yadda tsarin mulki ya buƙata. A watan Yulin 2025 Mai Shari'a Binta Nyako ta Babbar Kotun Tarayya ta ce dakatarwar wata 6 ta yi tsawo, ta kuma ci sanatar tarar naira miliyan 5 saboda raina kotu, daga nan magana ta wuce kotun ɗaukaka ƙara. Sai a watan Oktoba ta koma zaure.

Akwai wasu mutane a cikin wannan labari da ba a cika ambato ba. Kowane ɗan majalisar tarayya yana da mataimaka 5 da gwamnati ke biya, kuma shi ne ke zaɓo su. Da aka rufe ofishin sanatar, sai da wani sanata ya tashi ya roƙi a ci gaba da biyan mataimakanta albashinsu. Wato abincin iyalan waɗannan bayin Allah ya rataya ne a kan tausayin mutum guda a wannan rana. To idan ɗaya daga cikin irin waɗannan mataimaka ce ke da kuka a kan ubangidanta, wa za ta kai wa?

Kalmomin da muke aiki da su

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya tsaya ya natsu. Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba, ko da yake a labaran rediyo da shafukan Facebook an mayar da su kamar 'yan tagwaye.

Zargi shi ne a danganta wa mutum laifi ba tare da an tabbatar ba. Wanda ake zargi yana nan a matsayin mara laifi. Tuhuma ta fi zargi nauyi a bakin ma'aikatan shari'a, domin ita ce ake karanta wa mutum a gaban alƙali bayan an yi bincike. Ƙorafi ko koke shi ne abin da mai kuka ta rubuta ta miƙa. Ƙazafi kuwa hukunci ne a kan mai maganar, ma'ana an riga an gano ƙarya ta yi don ɓata suna, kuma kalma ce da ta shigo mana daga Larabci da nauyinta na shari'ar Musulunci. Idan mai karanta labarai ya ce "sanatan ya mayar da martani kan ƙazafin da aka yi masa," to ya gama shari'a tun kafin a zauna. Haka nan idan ya ce "matar da sanatan ya ci zarafinta," shi ma ya gama shari'ar ta ɗaya ɓangaren. Jimlar da ba ta ɗauki ɓangare ba ita ce "matar da ke zargin sanatan da cin zarafinta." Ta fi tsawo, amma ita ce daidai.

Sai kuma sunan aikin kansa. Fyaɗe kalma ce tsayayya, kowa ya san akwai tilas a cikinta. Amma sau da yawa kunya kan sa a kauce mata a ce "ya yi lalata da ita." Mu dubi wannan "da" ɗin da kyau. A Hausa idan aka ce Audu ya yi ciniki da Bala, su biyu ne suka yi cinikin. Idan aka ce wane ya yi lalata da wance, harafin nan "da" ya shigar da ita cikin aikin a matsayin abokiyar tarayya, alhali kukanta shi ne ba ta yarda ba. Wasu kuma kan ce "ya lalata ta" ko "ya ɓata ta," sai ɓarnar ta koma jikinta ta zauna, har gobe a ce "ai ta lalace," kamar ana maganar tumatirin da ya kwana a kwando. Shi kuwa mai aikin ya fita daga jimlar da tsabtarsa.

Mafi sauƙin hanyar ɓoye mai laifi a harshenmu ita ce ɗan lafazin nan "an." An yi mata fyaɗe. An samu matsala a ofis. An sasanta. Wa ya yi? Wa ya sasanta, kuma a kan me? Wannan gini yana da amfaninsa idan ba a san mai aikin ba, ko idan ana gudun kama suna kafin hukunci. Amma idan hukuma ce ke magana a kan abin da ita kanta ta yi, misali "an ɗauki matakin da ya dace," ya kamata kunnen ɗalibin Hausa ya motsa.

Akwai kuma giɓi. Abin da ke tsakanin wasan banza da fyaɗe, wato shugaba ya riƙa kiran ma'aikaciya ofis ba dalili, ya riƙa aiko saƙon dare, ya taɓa jikinta, ya riƙe takardar ƙarin girmanta har sai ta "gane," ba shi da suna guda ɗaya a Hausa. "Ya neme ta" ya yi laushi, domin mai neman aure ma nema yake. "Cin zarafi" ya yi faɗi, domin zagi da mari duk suna ciki. Masu fassara kan ce "cin zarafi ta hanyar lalata" ko "tursasawa don neman lalata." Ni na fi son na biyun, saboda kalmar tursasawa ta kama abin da ya bambanta wannan da neman da aka saba, wato akwai ƙarfin iko a gefe guda da tsoron rasa abinci a ɗaya gefen. Abin da ba shi da suna yana da wuyar kai ƙara.

Wa zai ɗauki alhaki?

Idan Bahaushe ya ce "alhaki," yakan nufi nauyin zaluncin da ke bin mai shi, kamar yadda karin magana ya kwatanta shi da kwikwiyo. Wannan ma'ana tana barin sakayya ga Allah da zamani. A maganar mulki ana buƙatar wata ma'ana a kanta: mai riƙe da amanar jama'a ya tsaya gaban wata hukuma da ba ta ƙarƙashinsa ya ba da bahasi, kuma idan bahasin bai gamsar ba wani abu ya same shi tun a nan duniya. Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ƙwace matan mutane ba tare da aure ba cikin halayen sarakunan da yake suka, wato ya ɗauke shi a matsayin laifin mulki.

A tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 308 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu kariya daga gurfana a kotu muddin suna kan mulki. Sanata da ɗan majalisar wakilai da ɗan majalisar jiha da minista da kwamishina da shugaban ƙaramar hukuma duk ba sa ciki. Mutane da yawa ba su san haka ba, suna zaton duk mai jiniya ya fi ƙarfin sammaci. To amma kotu hanya ce mai nisa. Matakin farko a kowace majalisa shi ne kwamitin ɗa'a, wanda 'ya'yansa abokan zaman wanda ake zargi ne, shugaban majalisa ne kuma ke naɗa su. A 2016 jakadan Amurka a Nijeriya, James Entwistle, ya rubuta wa Kakakin Majalisar Wakilai Yakubu Dogara wasiƙa yana zargin 'yan majalisa 3 da rashin ɗa'a a wata tafiya da suka yi zuwa birnin Cleveland, ciki har da zargin cewa ɗayansu ya kama wata mai gyaran ɗaki a otal. Majalisar ta binciki 'ya'yanta, ta wanke su saboda ba a kawo shaida ba. Mai yiwuwa ne wankewar daidai take. Illar ita ce, idan abokan mutum ne suka wanke shi, jama'a ba sa yarda ko da kuwa mai gaskiya ne, sai tabon ya zauna. Don haka mai bincike mai zaman kansa yana kare wanda ake zargi kamar yadda yake kare mai ƙara.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka zurfafa a wannan gyara cikin 'yan shekarun nan ita ce Ostareliya, kuma labarinta ya dace da maganarmu domin ma'aikaciya ce ta tayar da shi. A Fabrairun 2021 wata matashiya mai suna Brittany Higgins, wadda ta yi aiki a ofishin minista Linda Reynolds, ta fito ta ce wani abokin aikinta ya yi mata fyaɗe a cikin ofishin ministar a ginin majalisar ƙasa da ke Kanbera a watan Maris na 2019. Ta ce ta ji kamar an sa ta zaɓi tsakanin aikinta da kai ƙara. Ganawar da aka yi da ita kan maganar ma a cikin ɗakin da abin ya faru aka yi ta, ministar kuma ta nemi afuwa a kan haka. Mu lura, ba ministar ake zargi da fyaɗen ba. Tambayar da aka yi mata ita ce, me kika yi da labari ya iso gare ki?

Shari'ar laifin ta rushe a 2022 saboda kuskuren ɗaya daga cikin masu taya alƙali hukunci, ba a kuma sake ta ba. Sai a Afrilun 2024 wani alƙali, a shari'ar ɓata suna, ya ce bisa rinjayen hujja fyaɗen ya auku, amma bai ga shaidar cewa 'yan siyasa sun haɗa baki don binne maganar ba. A 2025 ita kanta tsohuwar ministar ta yi nasara a ƙarar ɓata suna da ta kai Higgins. Wato shekara 5 kafin wata kotu ta amsa tambayar farko, kuma amsar ba ta faranta wa kowane ɓangare rai gaba ɗaya ba. Da majalisar ƙasar ta ce sai ta ji hukunci kafin ta motsa, da ba a yi komai ba. Tun a 2021 aka ba kwamishiniyar yaƙi da wariyar jinsi, Kate Jenkins, aikin binciken yanayin aiki a majalisar. Rahotonta na Nuwamban shekarar ya nuna kusan mutum 1 cikin kowane 3 na ma'aikatan ya taɓa fuskantar tursasawa don neman lalata, ta kuma ba da shawarwari 28. A Fabrairun 2022 Firayim Minista Scott Morrison da shugaban 'yan adawa suka nemi gafarar ma'aikatan a zauren majalisa. Aka kafa ofishin tallafa wa ma'aikata wanda ba ya ƙarƙashin kowane ɗan majalisa, a 2024 kuma aka kafa hukumar da ke binciken ƙorafi a kan 'yan majalisar su kansu. Tushen cutar da rahoton ya nuna shi ne irin namu: ɗan majalisa ne ke ɗaukar mataimakinsa, shi ne kuma ke iya sallamarsa.

Daga Agwada zuwa inda ake sauraro

Ni mutumin Agwada ne, a ƙaramar hukumar Kokona ta jihar Nasarawa, kuma duk wanda ya tashi a yankinmu ya san Keffi ce babban garinmu na asibiti da karatu da neman aiki. Ya kuma san yadda ake samun aikin. Uba ko kawu ne kan ɗauki yarinya ya kai ta gidan wani babba, a durƙusa a yi gaisuwa, a ce "ga 'yarka nan." A ƙaddara wata yarinya ce ta gama difloma, aka kai ta ta wannan hanya, wani ɗan siyasa ya sa ta a ofishin mazaɓarsa. Ba ta da takardar ɗaukar aiki, albashinta daga aljihunsa yake fita, ƙaninta kuma yana jiran ya sa masa baki a wani wuri. Ran da abu ya faru, ba aikinta kaɗai ke kan faifai ba, har da zumuncin gida biyu da mutuncin wanda ya kai ta. Shi ya sa amsar farko da takan ji daga nata mutanen ita ce "ki yi haƙuri." Kuma shi ya sa tambayar nan da ake yawan jifan mata da ita, wai me ya hana ta faɗa tun da wuri, ba ta da wuyar amsawa ga wanda ya san ƙauye.

Ma'aikaciyar gwamnati mai cikakkiyar takarda ta ɗan fi ta madafa, domin ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun sa irin wannan tursasawa cikin manyan laifuffukan da za su iya jawo kora. Amma mataimakan 'yan siyasa da ma'aikatan wucin gadi da masu shara da masu hidimar ƙasa da ɗalibai masu koyon aiki, su ne suka fi kusa da haɗarin, su ne kuma suka fi nisa da kariyar.

Me ake nufi da tallafi a nan? Abu na farko ba ya jiran ko kwana uku. Idan fyaɗe ne, maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau dole a fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Shaidar da likita zai iya tattarawa ita ma tana gushewa da wanka da wankin tufafi da wucewar kwanaki. Kwanakin da dangi ke kashewa suna shawarar ko a faɗa ko a rufe, su ne kwanakin da asibiti ke buƙata. Zuwa asibiti bai tilasta wa kowa zuwa kotu ba, yana dai barin ƙofar a buɗe. Ga mutanen yankinmu Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ita ce babban asibiti mafi kusa. A wasu jihohin akwai cibiyoyi na musamman da suka haɗa likita da mai ba da shawara da taimakon lauya a wuri guda. Ta farko a Nijeriya ita ce Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013. A Kaduna ana kiran su Salama, a Kano Waraka, a Sakkwato kuma akwai cibiyar Nana Khadija. Ɗalibin harshe zai lura da hikimar waɗannan sunaye. Mace za ta iya ce wa mai babur ya kai ta Salama ba tare da ta tona wa kanta asiri ba.

Abu na biyu shi ne aikinta. Kada a sallame ta, kada a riƙe albashinta, kada a tilasta mata ci gaba da shiga ofishin wanda take ƙara. Idan za a raba su, wanda ake zargi ne ya kamata ya matsa gefe har a gama bincike, domin mayar da mai ƙara wani lungu hukunci ne ko da an kira shi canjin wurin aiki. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta hana a kori mai ƙara ko a dakatar da ita saboda ta bi hanyar doka, ta kuma ba ta haƙƙin samun kulawar likita da ta lauya. Dokar ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da maza a cikin waɗanda za a iya yi wa. Asalinta ta Abuja ce kaɗai, sai jihohi suka riƙa yin tasu, Nasarawa na cikinsu.

Akwai kuma kotun da mutanenmu ba su cika sani ba, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin sauraron ƙarar tursasawa don neman lalata a wurin aiki. A Disambar 2013 ta yanke wani hukunci da ya zama abin misali, a ƙarar da wata ma'aikaciya ta kai kamfanin Microsoft na Nijeriya da shugabansa na lokacin, inda ta ce an sallame ta ne bayan ta ƙi amincewa da shi. Kotun ta ba ta diyyar da ta haura naira miliyan 39, kuma ba shugaban kaɗai ta ɗora wa ba, har da kamfanin, saboda ya bar abin ya faru a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne alhakin da nake magana a kai, na wanda bai taɓa kowa ba amma labari ya zo masa ya kau da kai. A Nuwamban 2022 Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi cin zarafi a wurin aiki, kuma kariyarta ta haɗa da masu koyon aiki da masu neman aiki da waɗanda ba su da takarda. A rubuce dai yarinyar nan tamu ta Agwada tana ciki.

Mu da ke jami'a ba baƙin maganar ba ne. A Disambar 2018 kotu a Osogbo ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 saboda neman lalata da ɗaliba a bakin maki, hukumar ICPC ce kuma ta gurfanar da shi bisa hujjar ya yi amfani da muƙaminsa don biyan buƙatar kansa. A Oktoban 2019 binciken sashen BBC Africa Eye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana ya sa an dakatar da malamai. A duka biyun, murya ko hoton da aka naɗa ne ya sa aka motsa. Wadda ba ta da waya a kunne a wannan lokacin fa?

Asirin wa ake rufawa?

Rufin asiri yana cikin kyawawan abubuwan da Bahaushe ke roƙo wa kansa da 'ya'yansa, ba na kuma cikin masu cewa a yar da shi. Mai ƙara tana da buƙatarsa fiye da kowa. Kada a faɗi sunanta a rediyo, kada a yaɗa hotonta a WhatsApp, kada a kwatanta gidansu yadda duk wanda ke kasuwar Keffi zai gane ta. Dokar VAPP ma ta hana buga abin da zai bayyana ko wace ce. Wanda ake zargi shi ma yana da haƙƙin kada a yanke masa hukunci a bakin titi. Irin wannan rufin asiri yana tafiya tare da bincike, ana yin sa ne don binciken ya yiwu.

Akwai wani irin kuma da ake kira da suna ɗaya. Shi ne wanda dattawa ke zama da dare, a kawo ɗan abin hasafi, a ce yarinya ta koma gida ta huta, shi kuma ya ci gaba da zuwa ofis, wata yarinyar ta maye gurbinta ba tare da an gaya wa iyayenta komai ba. A wannan zama ba a tambayar ta abin da take so. Yawanci ma ba ta cikin ɗakin. Idan aka fito sai a ce "an rufa mata asiri," amma wanda ya dubi wanda ya rasa aiki da wanda ya riƙe nasa zai gane inda mayafin ya sauka.

A irin wannan zama ne kuma ake yawan jin kalmar "siyasa ce." Wani lokaci gaskiya ne, abokan hamayya kan yi amfani da irin wannan zargi, musamman gab da zaɓe. Sai dai hanyar gane hakan ita ce binciken da ake gudu. A yankinmu, inda Afo da Gwandara da Mada da Fulani da Hausawa ke haɗuwa a kan harshen Hausa, da Hausa yarinyar za ta fara ba da labarinta, ga 'yar uwarta ko ga ma'aikaciyar jinya ko ga ɗan sandan da ke kanta, shi kuma da Turanci zai rubuta. Idan ta ce "ya matsa mini," mai rubutun ne zai yanke ko takura take nufi ko tilas, kuma abin da ya rubuta shi alƙali zai karanta bayan shekara biyu. Mai fassarar da ya san aikinsa zai dakata a nan ya tambaye ta a hankali me ya faru, ya rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, sannan ya karanta mata da Hausa kafin ta sa hannu.